Mutanen da Suka Koya Maka Tafiya

Dutsin-Ma,
Ranar Lahadi, bayan La'asar.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka sauka Badun lami lafiya, kai da kayanka. Mu nan kowa lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Tun ranar da motar Funtuwa ta ɗauke ka take tambayata ko kun samu wurin zama a jirgin ƙasa, sai ka ce ni na sayar muku da tikiti.

Ba labarin gari zan ba ka ba, yayanka zai rubuto maka wannan. Wata magana ce ka yi a zaure da safiyar tafiyarka. Ka karanta mini takardar da makarantarku ta aiko, mai jerin abubuwan da za a koya muku kafin ku zama masu gashin ƙashi: ilimin sassan jiki, lissafin nauyi da ƙarfi, halin ɗan Adam, har da dabarun koyarwa. Ka ɗan ɓata fuska ka ce, "Baba, ni fa ƙafa zan je in koyi gyarawa. Me ya haɗa ni da lissafi da halin mutane?" Na bar maganar sai daga baya, don 'yan rakiya sun cika zauren. Amsar ce wannan. Sai dai ba zan iya ba ka ita ba sai na faɗa maka kurakuran da na yi a kan ƙafarka. Kai ka san ƙarshen labarin, tunda da ƙafar kake tafiya. Farkonsa ne ba ka sani ba.

Lokacin muna Kurfi, shekara bakwai kafin a samu mulkin kai. Ina sabon malamin elemantare, ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Ina da farin gajeren wando, da usur a wuya, da wani littafin motsa jiki mai hotuna wanda nake ji da shi kamar me. Kullum da safe sai in jera yara a fili, in busa, su ɗaga hannu, in busa, su sauke. Na ɗauka duk abin da za a sani game da jikin mutum yana cikin littafin nan. Gidanmu shi ne mai tsamiya a ƙofa. Har yanzu in na rufe ido ina jin sakan matan unguwa da hantsi, taɓarya uku a turmi ɗaya, ina ganinka kana ɗan shekara biyar kana tsere da 'yan awaki har bakin rijiya. Ba wanda ke kama ka a unguwar nan.

Da tsakiyar damina zazzaɓi ya kama ka. Kwana uku jikinka kamar wuta. Da ya sauka, ka yunƙura za ka tashi, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukar ka. Tsofaffi suka ce shan inna ne.

Kawunka ya je Rawayau ya ɗauko Baba Audu maɗori a kan jaki. Tsoho ne siriri, mai manyan yatsu. Ya zauna ya shafa ƙafar tun daga ƙugu har diddige. Sannan ya ce, "Malam, wannan ba karaya ba ce, ba ni da abin ɗorawa. Amma ƙafar da ba ta motsi, gwiwarta kamewa take yi. In zafin ya lafa, a riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, a miƙe ta a lanƙwasa, safe da yamma."

Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Baba, a wane littafi ka karanta haka?"

Ya miƙe tsaye. Na ba shi goro, ya hau jakinsa. Washegari na goya ka a keke har ɗakin shan magani na nan Dutsin-Ma. Malam Yakubu disfensa ya duba ka, ya ba da magani, ya ce a bar ka ka huta, in dawo da kai bayan sati uku. Hutun kawai na ji, don shi ya yi daidai da raina. Aka koma makaranta, aiki ya sha mini kai, ban mayar da kai ba. Wata huɗu kana kwance a tabarma, na hana kowa ya taɓa ƙafar. Ranar da na ce bari in miƙe ta, gwiwar ta ƙi. Ta kame, kamar yadda tsohon ya faɗa.

Sani, ciwon daga Allah ne, amma kamewar gwiwar nan daga gare ni take. Na raina mutumin da ya shekara arba'in yana taɓa ƙasusuwa don bai iya rubuta sunansa da boko ba. Mai bokon ma rabin maganarsa na ɗauka. In ka shiga aji aka turo muku malamin da kake gani fanninsa bai shafe ka ba, ka zauna ka saurare shi har ya kai aya. In wani ya faɗa maka abu game da jiki, ko tsohuwa ce mai sharar asibiti, kada ka fara da tambayar inda ta yi karatu. Ka tambaye ta abin da ta gani.

Da na ga abin da na jawo, sai na ruɗe, na faɗa wani kuskuren. Na ce tunda kwanciya ce ta ɓata, to motsi zai gyara, kuma ni ne malamin motsi. Duk rani, in na taso daga makaranta, sai in tsayar da kai a jikin bango, in ɗauko usur. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Ka faɗi, in ɗaga ka, in sake busawa. Da ka fara kuka sai in ce namiji ba ya kuka. Har ta kai in ka ji ƙarar kekena a ƙofar gida, sai ka ja jiki ka shige bayan randa.

Wata rana mahaifiyarka ta fito daga madafa, hannunta duk gari. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, yaron nan da ƙafa ɗaya ce ba ta da lafiya. Yanzu tsoro ya kama duka biyun. Ka bar mani shi." Ta ɗauke ka ta goya, ƙafarka tana reto har gwiwarta.

Na bar ka. Ka yi wata uku ko yunƙurin tsayuwa ba ka yi.

Da ruwa ya sauka, kawunka ya kira gayya a gonarsa. Aka tafi da kai, aka ajiye ka a gindin ɗorawa wajen mata masu dama fura. Makaɗin gayyar wani ne da ake kira Ɗan Gambo, baƙi, gajere, mai wushirya. Samari sun kai talatin, kowa da garmarsa, shi kuma yana bin su da gangar noma, kunya bayan kunya. Ina can ina taya kawunka rabon goro, sai na ji mata sun yi guɗa. Na waiwaya. Ka kama jikin ɗorawa ka miƙe, kana rausaya, kana buga ƙafar dama, ta hagun tana ɗan motsi tana bi.

Ɗan Gambo ya bar manoman ya zo ya durƙusa gabanka. Ya sassauta kiɗan har ya yi daidai da kai. In ka jinkirta ya jinkirta, in ka buga ya buga. Kana ta dariya. Rabona da jin dariyarka na manta.

Da aka tashi na same shi na ce, "Yaya ka yi haka? Ni wata da watanni ina ƙirga masa."

Ya ce, "Malam, kai ƙirgawa kake ya bi ka. Ni ba na kaɗa ma mutum yadda nike so ya yi. Sai na kalli ƙugunshi na ga yadda yake tafiya, in bi shi tukuna. In ya saki jiki da ni, sannan in jawo shi sannu-sannu, bai ma sani ba. Haka nike ma masu noma. Raggon cikinsu ma sai ya kai ƙarshen kunya."

Daga nan ya riƙa zuwa gidanmu da la'asar, yau ya zo gobe ya huta. Ga halin ɗan Adam da kake tambaya a kai. Za a kawo maka mutane, wasu daga fagen yaƙin nan da ake ciki, ƙafa ta warke amma mai ita ya ƙi takawa. Ba tsoka ce ta ƙi ba. Kada ka yi musu tsawa kamar yadda na yi maka. Ka fara gano abin da suke tsoro da abin da ke sa su dariya.

To, kiɗa ya tashe ka tsaye, amma gwiwar tana nan a lanƙwashe. Na haɗiye girman kai na je Rawayau. Baba Audu bai tuna mini da komai ba, ya ce a shimfiɗa wa jaki kawai. Na kuma koma wurin Malam Yakubu, ya yi mini faɗa son ransa, ya ce zai riƙa leƙo mu in ya zo Kurfi. Sai na yi wata wautar. Na ɓoye wa kowannensu cewa ɗayan yana zuwa. Ina jin kunya Malam Yakubu ya san malamin makaranta yana kiran maɗori, ina kuma tsoron tsohon ya yi fushi. In mai boko zai zo, sai in sa a wanke man kaɗanyar da tsohon ya shafa maka. Wannan ya ce a ɗaure ƙafar, wancan ya ce a sake ta, ni ina tsakiya ina yin rabi-rabi. Wata biyu ba abin da ya ƙaru.

Allah ya tona ni wata ranar kasuwa. Tsohon yana zaure da ƙafarka a cinyarsa, sai ga Malam Yakubu ya jingine keke. Na rasa inda zan sa kaina.

Malam Yakubu ya ce, "Wane ne wannan yake murɗa wa yaro ƙafa?"

Baba Audu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Kai ne mai cewa a ɗaure? Zo ka sa hannu nan."

Suka yi ta musu, har na ce yau sai an raba. Can Malam Yakubu ya buɗe jakarsa ya fito da wata takarda mai zanen ƙafar mutum ba fata, kowace tsoka da jijiya a fili. Ya shimfiɗa ta a tabarma don ya kashe bakin tsohon. Baba Audu ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan zanen ya ce, "Ashe haka take. Shekara arba'in ina jin ta a hannu, ban taɓa ganin ta ba." Sannan ya rufe ido ya bi cinyarka da yatsu, ya ce ka yi kamar za ka harbi wani abu. Ya ce, "Nan ta mutu. Nan ma. Amma nan akwai rai." Ya kama hannun Malam Yakubu ya ɗora a wurin. Na ga fuskar mutumin ta sauya. Ya ce, "Wallahi tana motsi. Sau uku ina duba yaron nan ban ji ta ba."

Har aka kira Azahar suna zaune, ɗaya yana faɗin suna, ɗaya yana nuna wuri. Suka daidaita a kan yadda za a riƙa miƙe gwiwar kaɗan-kaɗan, da tsokar da za a ƙarfafa. Malam Yakubu ya ce in ta miƙe za a buƙaci ƙarfen da zai riƙe ta, irin wanda ya taɓa gani a babban asibiti, amma samunsa sai an yi doguwar tafiya da dogon jira. Tsohon ya ce, "Ba ga Mati maƙeri nan bayan kasuwa ba?"

Ƙarfen farko da Mati ya ƙera ya yi maka nauyi, ko ɗaga shi ba ka iya yi. Na ce a rage kaurinsa duka. Mati ya ce a'a. Ya ɗauko garma ya miƙa mini, ya ce in riƙe ta kusa da kai, sannan in riƙe ta a ƙarshen ƙota. Ya ce, "Garma ɗaya ce, Malam, mi ya sa ta fi nauyi yanzu? Nauyin da ke nesa da hannu shi ke gajiyar da mutum. Na wajen idon sawu za mu rage, na cinya a bar shi." Na tsaya baki buɗe. Wannan darasin an koya mana shi a allo, na ci jarrabawarsa, ban taɓa tunanin yana da alaƙa da ƙafar ɗana ba. Ga lissafinka nan.

Aka kai wa baduku ya naɗe ƙarfen da fata mai laushi. Bayan kaka, ranar wata Alhamis, Ɗan Gambo ya zauna a gindin tsamiya da gangarsa, aka tsayar da kai a bakin zaure. Ka taka har wurinsa ba mai riƙe da kai. Taki goma sha ɗaya, na ƙirga a zuci. Mahaifiyarka tana leƙe ta bayan zana. Da ka isa, sai ta koma ciki da sauri, na ji ta tana fyace hanci.

Wata biyun nan da na ɓata ina raba mutanen nan, ka tuna da su. In ka fara aiki za ka tarar kowa ya kama ɗakinsa, likita nasa, mai ƙera takalmi nasa, kai naka, mara lafiya yana yawo tsakaninku da magana iri uku. Kai ka zama mai tara su a tabarma ɗaya. Za su yi musu. Ka bar su su yi, muddin ƙafar tana gabansu.

Saura kuskure ɗaya, kuma shi ya fi ci mini rai.

Bayan abin da na gani, na sauya yadda nake koyarwa. Na roƙi Ɗan Gambo ya riƙa zuwa filin makaranta sau biyu a mako. Yara suka daina maƙalewa lokacin motsa jiki. Mu yi tsalle, mu auna da igiya, mu shiga aji mu yi lissafi da abin da muka auna. In zana musu ƙafa a allo, kowa ya lalubi agararsa. Shekarun nan su ne mafi daɗi a duk aikina. Har yau in na haɗu da ɗalibaina na lokacin, sun zama magidanta, abin da suke fara tuna mini ke nan.

Rannan sufeton makarantu ya zo ba zato. Ya tarar da yara suna juyi a fili, ganga tana tashi. Ya tsaya ya kalla, sannan ya nuna Ɗan Gambo ya tambaye ni da Hausa, "Wannan fa, ma'aikacinku ne?"

Na ga kamar za a ce na mai da makaranta dandali. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, wani makaɗi ne mai wucewa. Tsarin nawa ne."

Ɗan Gambo yana tsaye bai fi taki biyar ba. Ya daina kiɗa, ya rataya gangarsa, ya ce, "Malam, bari in wuce ɗin." Bai sake zuwa makaranta ba, bai sake zuwa gidanmu ba. Kai kana ta tambaya, na ce maka ya yi tafiya.

Sufeto kuwa ya yaba tsarin a rahotonsa. A kan haka aka yi mini ƙarin girma aka kawo ni Dutsin-Ma. Gidan nan da ka girma a ciki ta nan ya samu. Shi ma Baba Audu ban yi masa adalci ba. Sau nawa ina cewa zan je da littafi in rubuta abin da ya sani, ina ɗagawa, har ya rasu shekara guda bayan mulkin kai. Abin da ke yatsunsa ya tafi da shi.

Ka ce kana so wata rana ka yi bincike, ka koyar. To ka riƙe wannan. Duk wanda ka ɗauki wani abu a wurinsa, ka faɗi sunansa a gaban manya, ko da ba takalmi a ƙafarsa. Kuma ka rubuta tun mai maganar yana da rai.

Da motarku ta tashi ranar Talata, ban koma gida ba. Na hau keke na nufi Kurfi. Shekara goma sha uku ina kauce wa unguwar su Ɗan Gambo. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, ya tsufa, wushiryar ta zama giɓi. Na gaishe shi, na durƙusa, na ce na zo neman gafara. Ya daɗe yana dubana kafin ya gane ni.

Ya ce, "Malam mai usur! Tashi, tashi, kada yara su gani. Abin ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma na daɗe da yafewa. Ina yarona mai ƙarfe?"

Na ce ka ajiye ƙarfe tuni, sai ɗan ɗingishi. Na ce yau ɗin nan ka tafi Badun koyon gyaran masu irin ciwonka. Ya yi ta dariya har da tari. Sannan ya fito da hannunsa na dama daga cikin riga. Yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe, damina biyu ke nan bai iya riƙe sandar kiɗa ba. Gangar tana rataye a zaure, fatar ta saki.

Ya ce, "To ka rubuta mashi. Ka ce Ɗan Gambo ya ce ya yi karatu da kyau, kada ya bar komi. In ya dawo, ga hannu nan yana jiran shi."

Na yi alkawari zan rubuta, ga shi na cika.

Ka kula da salla a kan lokaci. Kada ka yi doguwar tsayuwa don jin kunyar neman kujera, kuma in takalminka ya cinye ta gefe ka kai a gyara da wuri. Ka zauna lafiya da mutanen gari, ka koyi gaisuwarsu. Abin da na yi maka cikin rashin sani, ka yafe mini.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya kare ka daga sharrin da kake gani da wanda ba ka gani. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya kawo mana ƙarshen yaƙin nan, ya dawo mana da kai lafiya, ka same mu lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Haruna.